Kunu Ba Ɗaya Ba Ne: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk na abin sha ne, kuma ba abin mamaki ba ne tunda bazara ta kankama, kowa gora yake nema. Yawancinsu daga ƙauyukan Kano da Jigawa suka fito. Mun taƙaita tambayoyin don fili ya ishe mu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu uku ne muke sayar da kunun zaƙi a layi ɗaya a kasuwar Gujungu. Ni da gero nake yi, maƙwabciyata da dawa, ta ukun tana haɗa biyun. 'Yan gidanmu cewa suke nawa ya fi daɗi, amma ciniki wajen mai dawa yake tafiya. Yaya zan gane gaskiya? Daga wata mai sana'ar kunu, ƙaramar hukumar Taura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shaidar 'yan gida ba ta karɓuwa a wannan shari'a, don wanda ya tashi da kunun gidansu harshensa ya riga ya ɗauki ɓangare. Ki nemo mutum shida waɗanda ba sa cin tukunyarki, ki aiki yaro ya sayo na abokan sana'arki a lokacin da kika ɗebi naki. Kofunan su zama iri ɗaya, na gilashi in da hali, domin kofin roba yana riƙe warin abin da aka sha jiya. Ki sa alama a gindin kowane kofi inda mai sha ba zai gani ba, wanda ya zuba kuma ya bar wurin, don fuska tana tona asiri.

Sanyinsu ya zo ɗaya: ki jera gorunan cikin ruwan randa na rabin awa, ban da ƙanƙara. Sanyi mai tsanani yana danne ƙamshi, yana kuma rufa wa aibi asiri, har kunun da ya fara juyawa sai ya wuce maƙogwaro ba a ankara ba. Hantsi ya fi dacewa, ba a ƙoshe ba, ba kuma da yunwa ba. Wanda ya ci goro ya dakata awa ɗaya, tunda bayan goro ko ruwa aka sha zaƙi yake yi. Tsakanin kofi da kofi a kuskure baki.

Da ido ake farawa. Kunun da ya rabu biyu cikin minti biyar, ruwa a sama gari a ƙasa, ko dai ɗanyen ƙullunsa ya yi yawa ko markaɗen bai yi laushi ba. Sai hanci kafin baki: ƙamshin hatsi ne a gaba, ko kanumfari ya rufe komai, ko akwai ƙauri? Sannan a kurɓa sau ɗaya a riƙe a baki kamar daƙiƙa biyar. Zaƙi ke fara isowa, tsami ya biyo shi, yajin citta da masoro kuwa sai an haɗiye suke bayyana. Abin da ya rage a baki bayan minti ɗaya shi ke sa mai saye ya dawo ko ya canja layi: gardi ne, ko bauri, ko ɗacin nan mai kamar an lashi ƙarfe da sakarin ke bari.

Kowane hatsi da halinsa. Gero ya fi kowa ƙamshi da gardi, launinsa toka-toka, amma maiƙonsa ya fi na dawa, shi ya sa ƙullunsa ke saurin yin gafi in ya daɗe. Farfara tana ba da kunu fari tas, mai sauƙin kai, kayan yaji suna fitowa sosai a cikinsa. Kaura tana ɗan ja zuwa rawaya, da cika baki. Wasu nau'o'in jar dawa suna da bauri a ɓawonsu, in ba a surfa su da kyau ba sai harshe ya ɗaure. Masara kauri gare ta, ɗanɗano kuwa lami. A ganinmu gero kashi biyu, farar dawa kashi ɗaya ya fi kowannensu shi kaɗai.

In kina son ki san ko bambancin da ake faɗa na gaske ne, ki zuba kofi uku, biyu daga gora ɗaya, ɗaya daga wata, ki ce a fitar da baƙon. Mai canki-canka sau ɗaya cikin uku kawai zai dace. In mutum biyar cikin shida suka fitar da shi, bambancin yana nan. In biyu ne kacal, to ba ɗanɗano ke kai mutane wajen maƙwabciyarki ba. Ki dubi sanyin gorarta, da tsabtar mazubinta, da sakin fuskarta.

Tambaya: Kakarmu tana yin kunun zaƙi ba ta sa sukari ko ƙwaya ɗaya, kuma ya yi zaƙi. Na gwada da tsiro kamar yadda aka kwatanta mini, sai ya fito da kauri kamar koko, zaƙi babu. Ina kuskuren yake? Daga wata uwargida, kusa da Gezawa.

Amsa: Uwargida, kusan tabbas da zafinsa kika zuba tsiron, kika kashe shi. Bari mu faro daga tushe.

Idan ƙwayar hatsi ta fara tsirowa, tana samar da wani sinadari, amiles, mai narkar da sitaci ya mai da shi sukari don ciyar da ɗan tsiron. Shi muke ara mu sa a kunu. Yana aiki sosai a zafin maki 55 zuwa 65 na ma'aunin Salsiyas, in zafi ya haura 80 kuwa ya mutu, ba ya dawowa. Sitacin kuma sai ya dahu yake iya cinsa da sauri. Ke nan ana bukatar tafasasshen ruwa da farko, a kuma jira ya huce kafin tsiro ya shiga. Duk sirrin kakarku a wannan jiran yake.

Tsiron kansa da dawa ake yi ko shanshera, wadda ba a surfa ba, ba a turara ba. Irin shuka mai jan magani a jiki guba ne, kada ya kusanci tukunya. Ki fara gwada ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen ƙyalle. In ƙasa da 17 suka tsiro cikin kwana uku, nemi wata. Ki jiƙa awa 12 zuwa 16, ki canja ruwan sau ɗaya a tsakani, ki tsane, ki baza a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, kaurin yatsu biyu, ki rufe da wani buhun. Safe da yamma ki yayyafa ruwa ki juya da hannu don kada ya ɗau zafi. Kwana uku a bazara, huɗu ko biyar a hunturu, tsiron zai kai tsawon gaɓar yatsa. In kika ga gashi-gashi baƙi ko kore, ko kika ji warin rima, zubar da shi duka, kada ma a ba kaji. Shanya a rana kwana biyu ko uku har ƙwayar ta yi ƙaras a haƙori. Ba a soya shi, ba a busar da shi a bakin murhu.

Sai abin da mutane ke yi wa ganganci: a murje saiwar da tsiron a bakace su sarai. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin guba, wanda kowane makiyayi ya san shi, tunda shi ke kayar da dabbar da ta ci gyauron dawa. A tsiron da saiwar ya fi taruwa, ƙwayar ita muke so.

Ga awon kwano ɗaya na gero, wato kusan kilo biyu da rabi. Ki surfa sama-sama, ki wanke, ki rege tsakuwa, ki jiƙa awa 10 zuwa 12. Ki markaɗa da busasshiyar citta kamar yatsu biyar, kanumfari da masoro cokalin shayi ɗai-ɗai, barkono uku ko huɗu. Tsiro gwangwanin madara uku a markaɗa shi daban, tare da ɗanyen dankalin Hausa matsakaita biyu, ko busasshensa gwangwani biyu. Ki raba ƙullun gero huɗu. Kashi uku ki dama da ɗan ruwan sanyi, ki sheƙa masa ruwa kamar lita 12 yana kan tafasa, a zubi ɗaya, kina juyawa har ya yi kauri. Ki bar shi ya sarara har ya zama za ki iya tsoma yatsa ki ƙirga uku ko huɗu kafin zafi ya sa ki cire. Nan ne za ki zuba ragowar kashi ɗayan haɗe da tsiro da dankali. Cikin minti 20 za ki ga kaurin ya saki, muciya ta daina nauyi. Alamar aiki ya kama ke nan. Ki rufe, ki lulluɓe da bargo awa biyu don zafin ya zauna, sannan ki yaye ki bar shi awa shida zuwa takwas ya ɗauki tsaminsa. Ki tace, ki ƙara dafaffen ruwa har ya kai lita 18 ko yadda kike son kaurinsa.

Dankalin ba ado ba ne. Tsiron dawa gwani ne wajen tsinka kauri, amma rago ne wajen fitar da zaƙi, dankali kuwa yana da irin amiles ɗin da dawa ta gaza a kai. Dafaffe ba ya aiki.

In kunun bai yi kauri ba tun farko, ruwan bai tafasa da gaske ba, ko kin zuba shi kaɗan-kaɗan. In ya yi tsami kafin zaƙi, kin bari ya huce da yawa. In ya tsinke tsararo yana warin ɗanyar ciyawa, tsiro ya yi yawa. Kuma kada ki sa ran zaƙin sukari: wannan zaƙi ne mai laushi, a hankali yake zuwa, harshen da ya saba da lemon kwalba sai ya yi kwanaki kafin ya gane shi.

Tambaya: Iyalina sun yi kunu ran Juma'a, ran Asabar da yamma na tarar gorar ta yi tauri, da na buɗe ta yi huci, kumfa ya taso. Na hana yara sha don ina tsoron ya zama giya. Na yi daidai? Daga wani magidanci, ƙasar Kazaure.

Amsa: Ka yi daidai, Malam. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke aiki a kunu. Na farko dangin masu tsamar da nono ne, su ke ba da tsamin nan mai daɗi, kuma tsamin nasu yana hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Na biyu yis ne, ɗan'uwan wanda ake sa wa ƙullun fanke. Shi sukari yake ci, ya fitar da iska da barasa. Da farko masu tsami ke da rinjaye, in an ba da lokaci da zafi da sukari sai yis ya karɓe gida.

Ɗan huci kaɗan ba hujja ba ce, don wasu masu tsamin ma suna fitar da iska. Amma in alamomi suka haɗu, gora ta yi tauri, kumfa yana ta tasowa ba ya kwanciya, wari kamar ƙullun da ya wuce tashi, harshe yana jin tsira-tsira, zaƙin jiya kuma ya ɓace, to yis ya ci sukarin. Burukutu ma da tsiron dawa ake fara ta, abin da ya raba ta da kunu shi ne ana barin ta da gangan yis ya gama aikinsa. Harshe ba ya auna yawan barasa, saboda haka ba a tsayawa ciniki da irin wannan gora.

A hadisin Ibn Abbas da Muslim ya ruwaito, ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ya shanye ko a zubar. Bayanin hukunci na malamai ne. Abin da za mu ƙara shi ne, a watan Afrilu da zafi ke haura maki 40 a Kazaure da Gumel da Haɗeja, kunun da aka sa wa sukari ba ya kai ko kwana ɗaya cikakke in babu sanyi.

Maganin: a sa sukari a wanda za a sha yanzu kawai. Kada a haɗa na jiya da na yau. Ƙwarya da muciya da ƙyallen tata suna ɓoye yis a jikinsu, a ƙona su da tafasasshen ruwa a shanya a rana. Bakin gora da murfinta, inda zaren murɗawa yake, nan datti ke maƙalewa. Sake tafasa kunun yana ƙara masa kwana, sai dai ɗanyen ƙullun da ke ciki zai dahu ya koma koko. Wanda kuma ya yi yauƙi, yana jan zare in an ɗaga ludayi, wannan ya lalace ko da bai yi kumfa ba.

Tambaya: Wani abokina ya ce lemon malt giya ce da ba ta ƙarasa nuna ba, shi ya sa kamfanonin giya ke yin sa. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Birnin Kudu.

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya kama wutsiyar gaskiya ya saki kanta. Kalmar malt tsiron hatsi take nufi, irin wanda muka yi bayani a sama, sai dai Turawa da sha'ir suke yi. A masana'anta ana niƙa tsiron, a jiƙa shi a ruwan zafi har sitaci ya zama sukari, a tace, a tafasa. Zuwa nan ruwan zaƙi ne kawai, ɗan'uwan kunun zaƙi. Daga nan hanya ta rabu. Mai yin giya yana zuba yis ya bar shi kwanaki, kuma nau'o'in giyar da Turawa ke ta kwatantawa galibi bambancinsu bai wuce irin yis ɗin, da yawan wani fure mai ɗaci da ake kira hop, da yadda aka gasa hatsin ba. Baƙar giyar ƙasar Ayalan, alal misali, gasasshen sha'ir ne ya baƙanta ta. Mai lemon malt ba ya sa yis. Sukari yake ƙarawa da ƙonannen sukari don launi, ya ɗura iskar gas kamar ta kowane lemon kwalba, ya rufe, ya dumama kwalbar don kashe ƙwayoyi. Injinan matakin farko ɗaya ne, shi ya sa kamfani ɗaya ke yin duka biyun.

Maltina ta fito kasuwa a 1976. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai kamfanoni suka koma kan dawa da masara, ciki har da irin kaurar nan SK5912 ta cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Har yau dawar Arewa tana shiga wannan sana'a.

Inda ake bukatar lura shi ne kwalaben waje masu rubutun cewa babu barasa. Da yawansu giya ce aka yi ta har ƙarshe sannan aka zare barasar, kuma a ƙasashe da dama doka ta yarda a rubuta haka ko da akwai ragowar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan daban, lemon malt daban. Karanta jikin kwalba.

In za ka kwatanta na kamfani biyu ko uku, zuba a gilashi, bari kumfa ya kwanta, sanyin ya ragu. Wani ƙonannen sukari ne a gabansa, wani ƙamshin hatsi, wani yana da ɗan ɗaci a ƙarshe, wani kuma sai ya bar leɓe yana danƙo. Sukarinsa bai gaza na lemon kwalba ba, mai ciwon suga ya kiyaye. Batun haɗa shi da madara don ƙarin jini kuwa, daɗin baki ne kawai. Hanta da zogale da wake sun fi shi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Zoɓon facalata ja ne wur kamar jini, nawa kuwa baƙi-baƙi mai bauri, alhali buhu ɗaya muke ɗiba. Daga wata amarya, Sule Tankarkar.

Amsa: Amarya, kuna yankin da zoɓonsa ke fita ta Maigatari da Kano har Meziko, don haka laifin ba na buhu ba ne. Abu uku muke zargi: doguwar tafasa, kanwa, da tukunya.

Ki gwada hanya uku rana ɗaya, kowace da zoɓo giram 100, wato cikin tafi biyu sau biyu, a ruwa lita uku, bayan kin ɗauraye shi da sauri a ruwan sanyi don yashi. Na farko ki tafasa minti 30. Na biyu ki tafasa citta da kanumfari da ɓawon abarba su kaɗai, ki sauke, ki zuba zoɓon, ki rufe awa ɗaya. Na uku ki jiƙa a dafaffen ruwan da ya huce, ya kwana a wuri mai sanyi. Na farko zai fi duhu da bauri, ƙamshinsa ya tafi da tururi. Na uku ja ne garau, mai ƙamshin 'ya'yan itace, amma ba shi da jiki kuma ba ya jimiri. Na biyu muke zaɓa.

Kanwa tana kashe tsami, gaskiya ne, amma jan launin zoɓo da tsami yake rayuwa. Tana shiga sai ya koma shuɗi-baƙi, in ta yi yawa ya yi ɗanɗanon sabulu, ya kuma fi saurin lalacewa. In tsami ya yi miki yawa, ƙara ruwa. Tukunyar ƙarfe mai tsatsa tana baƙanta shi, ta alminiyam kuma tsamin yana cin ta. Fanteka mai fenti wadda ba ta ɓantare ba ta fi. Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, mai shan magani da mai juna biyu kada su mai da shi ruwan sha.

Tambaya: Me ya sa kunun aya ke lalacewa kafin azahar, na zaƙi kuwa ya kai dare? Daga wata mai talla, Ɗambatta.

Amsa: 'Yar'uwa, kunun zaƙi ya ga tafasasshen ruwa, yana kuma da tsami mai tsaron sa. Na aya ɗanye ne, ga sukari, ga maiƙo, ba tsami, don haka a bazara awa uku zuwa biyar ne ƙarfinsa in babu ƙanƙara. Kwakwa tana ƙara masa saurin juyawa, dabino ma haka. In na talla ne rage kwakwar. Busasshiyar aya ki jiƙa ta awa 12, ki canja ruwa sau biyu, ki tsince baƙaƙe da masu taushi, ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya tana ɓata bokiti. Markaɗe da tata duk da dafaffen ruwa mai sanyi. Ki je inji da asuba kafin a sa masa wake ko tattasai, ki sa a ɗauraye shi a gabanki, farkon abin da ya fito ki ware shi. Daga tata sai gora, daga gora sai kula, ƙanƙarar a wajen gora ba a ciki ba. Farin da ke kwanciya a gindi sitacin aya ne, girgizawa kawai yake so.